Yadda 'yan Romani suka zauna a biranen Amurka

Malam, ka tambayi abin da ya sa 'yan Romani, al'ummar da Turawa ke kira Gypsy, suka daina yawo suka zauna cikin birni. Ni dai ina ganin neman abinci ne ya zaunar da su. Kalderash, wani reshensu na maƙeran tagulla, sun shigo Amurka daga Sabiya da Rasha tun wajajen 1880, har Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914 ya tare hanya. Da mota ta kashe kasuwar doki, wadda wasu 'yan Romani ke ci da ita, sai suka koma hayar tsofaffin shaguna. A rataya labule a tsakiya: gaba mata na yi wa baƙi duba, baya kuwa nan ake girki da kwana. Su Ludar, wani reshen na masu wasa da dabbobi, bukkoki suka kafa a Maspeth, cikin New York, aka rushe su a 1939.