Garba da Abubakar mutum ɗaya ne, amma kwamfuta ba ta san haka ba

Ɗan'uwa, Allah ya raya abin da aka samu. Ka ce kowa Garba yake kiran mahaifinka amma katinsa Abubakar ne a jiki, kakanka kuma da Tanko aka san shi, kana tambayar asalin sunayen da kuma wanda za ka rubuta wa jaririn a gurbin sunan iyali.

A wurin Bahaushe suna iri biyu ne. Akwai na yanka, wanda ake yi wa yaro huɗuba da shi, a raɗa shi ran bakwai a yanka rago. Akwai kuma laƙabi, wanda yakan danne na yankan har mutum ya tsufa. Abubakar ne na yanka, Garba rakiyarsa ce, kamar Habu da Buba, ko Bukar a wajen Barebari. Haka Usman yake tafiya da Shehu saboda Shehu Ɗanfodiyo, Umaru da Sanda ko Faruƙu, Musa da Kallamu, Yusufu da Maitama. A mata, A'isha ce Indo, Hauwa ce Kulu, Fatima ce Binta, Hadiza ce Dije.

Abin da ya yawaita waɗannan laƙabai kunya ce. In aka mayar wa yaro sunan kakansa, uwar ba za ta iya kiran sunan surukinta gatsal ba, sai a ce Abba, Baffa ko Babangida, mace kuma Ummi, Inna ko Uwani. Amir da Walid da Hanan da suka cika gari yanzu, da yawansu wannan aikin suke yi, in ka bincika sai ka tarar da Muhammadu ko Zainabu a ƙasa.

Tanko kuwa ba na yanka ba ne ko kaɗan. Namiji ne da aka haifa bayan mata, takwararsa Kande ko Delu, macen da ta biyo maza. Gambo ya bi tagwaye, Audi an haife shi bayan rasuwar uba, Cindo yana da yatsa shida. Ajuji da Abarshi 'ya'yan mai wabi ne, ana nuna kamar ba a damu da su ba don su tsaya. Na ranaku kowa ya san su: Ɗanladi da Ladi, Bala da Larai, Ɗanjuma da Jummai. Don haka kakanka yana da wani sunan na yanka, ka tambayi tsofaffin matan gidanku, su ne ba sa mantawa.

Sunan iyali mai bin zuriya daga kaka har tattaɓa-kunne ba tsarinmu ba ne. Da, sai a ce wane ɗan wane, ko a haɗa mutum da sana'arsa ko sarautar gidansu, shi ya sa kake ganin Galadima, Ciroma da Waziri a ƙarshen sunaye. Da boko ya zo zamanin Turawa, aji ɗaya sai a tara Muhammadu da Abubakar barkatai, sai aka riƙa bambanta su da garuruwansu. Mahaifin Malam Aminu Kano Yusufu ne, na Shehu Shagari Aliyu, na Abubakar Tafawa Ɓalewa Yakubu, amma gari ne ya bi su. Gidajen da laƙabi ya zame musu sunan zuriya na gaske kaɗan ne, kamar gidan Alhassan Ɗantata wanda ya rasu a 1955, wanda sunan ya samo asali daga Tata, matar da ta rene shi.

To, ga shawara kan takarda. Gurbin farko sunan yanka na yaron. Gurbin sunan iyali kuwa ka sa sunanka na yanka kamar yadda yake a NIN ɗinka, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, wannan ne ya dace da aya ta 5 a Suratul Ahzab da ta ce a kira 'ya'ya da iyayensu maza. In kana son ku duka ku ɗauki suna ɗaya saboda biza ko tafiye-tafiye, sai ka sa naka a tsakiya, Abubakar a ƙarshe, kuma duk ƙannensa su bi wannan jerin. Kada Garba ya shiga, tunda ba shi ne a takardun mahaifinka ba. Tanko ma a bar shi a gida.

Ka fara da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ka rubuta sunan da hannunka da manyan baƙaƙe kafin ma'aikaci ya shigar, ka karanta harafi-harafi kafin ka bar wurin. Nan ake yin ɓarna. Muhammad, Mohammed da Muhammadu sunaye uku ne a wurin na'ura, haka Lawal da Auwal, duk da asalinsu ɗaya, wato na farko. Wata matsalar ita ce malamin firamare ya rubuta laƙabin da ya ji ana kiran yaro da shi, ko sunan kawun da ya kawo shi, daga nan ya bi shi har WAEC. Tun 2021 JAMB ba ta rajista sai da NIN, ofishin fasfo ma da shi yake gwadawa, banki kuma yana duba BVN, lambar tantance masu asusu. In suka saɓa sai an yi takardar rantsuwa a kotu, a buga canjin suna a jarida, sannan a biya kuɗin gyara, kuma gyaran sakamakon jarrabawa ya fi duka ɗaukar lokaci.

Masu dangi a Nijar su ƙara lura, can rubutun Faransanci ake bi: Usman ya koma Ousmane, Yusufu ya koma Issoufou. In yaron zai riƙe takardun ƙasashen biyu, a zaɓi rubutu ɗaya tun daga takardar haihuwa.