Hukuncin lauyan da ya san wanda yake karewa ba shi da gaskiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni lauya ne, ina aiki a ƙarƙashin wani babban lauya a Ikeja, ina zaune a Agege. Da yake ni Bahaushe ne, duk shari'ar mutanenmu da ta shigo ofis ni ake miƙa wa. Yanzu akwai wani Alhaji ɗan kasuwar Mile 12 da wani mai albasa daga Aliero ta jihar Kebbi ya maka a babbar kotu a kan kuɗin kaya, naira miliyan 18. Babu rubutu a tsakaninsu, da amana aka yi lodi. Alhajin ya faɗa mini da bakinsa cewa kuɗin suna kansa, kuma yana da halin biya, amma so yake mu musa, mu yi ta neman a ɗage zama har mutumin ya gaji da zaryar Legas ya karɓi rabi. Ogana ya ce ba ruwanmu, lauya ba alƙali ba ne. Kuɗin wannan aiki halal ne? Haka kuma nakan tsaya wa yaranmu da ake kamawa, wani lokaci na san yaron ya aikata. Sai kuma na goron da muke ba ma'aikatan kotu don fayil ya motsa.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya kafin ka sa hannu.

Aikin lauya a asalinsa halal ne. Malaman fiƙihu suna kiransa wakilci a kan husuma, kuma an ruwaito cewa Sayyidina Aliyu yakan wakilta ɗan'uwansa Aƙilu ya tsaya masa a shari'a, daga baya ya wakilta Abdullahi ɗan Ja'afar. A gari irin Legas, inda ake shari'a da Turanci kuma yawancin 'yan kasuwarmu ba su iya karanta sammacin da aka kawo musu, samun lauya Musulmi mai jin harshensu rahama ce. Karɓar lada a kan haka babu laifi.

Sai dai wakili ba ya mallakar abin da wanda ya wakilta shi bai mallaka ba. A kan wannan ƙa'ida duk amsarka take. Idan haramun ne Alhaji ya tsaya gaban alƙali ya ce ba a binsa ko kwabo alhali ya san ana binsa, to haramcin ba ya gushewa don maganar ta fito ta bakin wanda ya sa baƙar riga. Allah Maɗaukakin Sarki ya ce wa Annabinsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Suratun Nisa'i aya ta 105: "Kada ka zama mai husuma domin kare maha'inta." Malaman tafsiri sun ambata cewa ayar ta sauka ne a kan wani mutum daga Banu Ubairiƙ da ya yi sata, danginsa suka zo suna neman Annabi ya wanke shi a jingina laifin ga wani. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 543 bayan hijira, ya fitar daga wannan aya cewa tsaya wa mai ɓarna a husuma bai halatta ba. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa wanda ya yi husuma a kan ɓarna yana sane, ba zai gushe cikin fushin Allah ba har sai ya janye. Ka lura da sharaɗin: yana sane. Kai kuwa ba zato kake yi ba, a ofishinka aka faɗa maka.

Maganar ogan naka tana da gaskiya ta wani gefen. Ba a ɗora maka binciken zuciyar duk wanda ya shigo ofis ba. Wanda ya zo da magana mai kama da gaskiya, ba ka da tabbacin ƙaryarsa, ka karɓi aikinsa ka yi iya ƙoƙarinka, hukunci na alƙali ne. Amma wannan uzuri na wanda bai sani ba ne.

Ina so ka dubi abin da hannunka zai yi a zahiri. A babbar kotun Legas ana haɗa takardar kariya da rubutacciyar shaidar da mai shari'a zai rantse a kanta tun kafin a fara zama. Wa zai zauna gaban kwamfuta ya tsara jimlar da ke cewa ba a taɓa sauke albasar nan a rumfar Alhaji ba? Kai ne. Alhaji zai zo ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kan Turancin da bai karanta ba, sannan ya maimaita ta a gaban alƙali da rantsuwa. Shaidar zur ke nan, wadda Annabi ya lissafa cikin manyan kaba'irai, yana kishingiɗe ya tashi zaune yana ta nanata ta, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Shi ya rantse, kai ka ƙera.

Kuma ko kun ci shari'ar, ba ku ci komai ba. A hadisin Ummu Salama, Annabi ya ce ana kawo masa husuma, wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujja, sai ya yanke masa bisa abin da ya ji. Duk wanda ya yanke wa wani abu daga haƙƙin ɗan'uwansa, to kada ya karɓa, yankin wuta ne ya yanka masa. Idan hukuncin Annabi bai mayar da haram halal ba, ina ga hukuncin wata kotu a Ikeja? Iya tsara hujja shi ne ainihin abin da lauya yake sayarwa, shi ya sa nake ganin wannan hadisi ya fi shafar ku fiye da kowa. Haka nan idan an ja lokaci har shekara 6 da dokar Legas ta ƙayyade wa ƙarar bashi irin wannan suka wuce ba a shigar da ƙara ba, ƙofar kotu ce ta rufe, bashin yana nan a wuyan mai shi.

Neman ɗage zama kuwa, idan da uzuri na gaskiya, kamar rashin lafiyar shaida ko jiran wata takarda, babu komai. Idan don a gajiyar da mai haƙƙi ne, Annabi ya ce jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. Ka ƙiyasta abin da kowace ɗagewa take ci wa mutumin nan: kuɗin mota daga Kebbi, kwana a hanya, masauki, lauyansa, ga manoman da suka ba shi kaya suna zarya a ƙofar gidansa. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin kasuwancin gwari tsakanin Arewa da Legas kusan duk a kan kalmar baki yake tafiya, kuma duk wanda ya ci amana ya tsira, ya sa gobe an hana wani mutumin kirki kaya.

Don haka musa wannan bashi haramun ne, jan shari'ar da gangan haramun ne, ladan da aka karɓa a kan su ma haramun ne. Amma ban ce ka kori Alhaji ba. Annabi ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi, ya kuma fassara taimakon da hana shi zaluncin. Ka zaunar da shi ka gaya masa gaskiya cikin ladabi. Akwai aikin halal da yawa da za ka yi masa: idan an ƙara masa a lissafi ka tsaya a kan adadin gaskiya, idan wasu buhuna sun iso a ruɓe ka nemi a cire, ka nema masa biya kashi-kashi, ka kai maganar cibiyar sulhu da ke haɗe da babbar kotun Legas tun 2002, ko gaban shugabannin kasuwa. Sai dai ragin da mai haƙƙi ya yi don an matse shi ba yafiya ba ce, abin da ya rage yana nan. Idan Alhaji ya ƙi, ka nemi oga ya cire ka daga fayil ɗin. Dokokin ɗa'ar aikin lauya na Najeriya, na 2007 da na 2023 da suka maye gurbinsu, su ma sun hana lauya gabatar da shaidar da ya san ƙarya ce, saboda haka kana da abin da za ka nuna masa daga littafinsa. Sirrin da Alhaji ya faɗa maka kuma amana ce, janyewa ba ta ba ka damar kai shi ga ɗaya ɓangaren ba.

Batun yaran da ake kamawa ya sha bamban. Ƙa'idar Musulunci ita ce hujja tana kan mai da'awa, kuma asali mutum kuɓutacce ne. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ma haka ya ce. Ya halatta ka nema wa yaro beli, ka ƙi yarda da iƙirarin da aka karɓa da duka, ka tabbatar an kawo masa tafinta, ka sa mai gabatar da ƙara ya kawo hujjarsa, ka roƙi sassauci, ko da ka san ya yi. Mai laifi ma yana da haƙƙin kada a hukunta shi fiye da laifinsa, kada kuma a manta da shi a gidan yarin Kirikiri ko na Ikoyi yana jiran shari'a. Abin da bai halatta ba shi ne ka ƙirƙiro masa cewa yana wani wuri ranar, ko ka koya wa shaida ƙarya, ko ka karkatar da tuhuma ga wanda bai ji ba bai gani ba. Idan laifin tsakaninsa da Allah ne, Shari'a ta fi son suturtawa da tuba. Idan kuwa akwai dukiyar wani ko jininsa a ciki, ka gaya masa a keɓe cewa sallamar kotu ba ta sauke masa ba, ya mayar da abin mutane ko ya nemi yafiyarsu.

Na goro: duk abin da aka biya aka karɓi rasit, kuɗin aiki ne. Abin da ake cusa wa ma'aikaci don ya ɓatar da fayil, ya sauya kwanan wata, ko ya tsallake da kai gaban wasu, cin hanci ne, kuma Annabi ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Wasu malamai sun yi rangwame ga wanda aka danne wa haƙƙi ya rasa kowace hanya sai ya bayar, suka ce zunubin yana kan mai karɓa. Ban ga wannan rangwame ya dace da lauya ya mayar da shi al'adar kullum ba, domin shi ya san hanyar rubuta koke ga magatakardan kotu, talakan da aka yi rangwamen dominsa bai sani ba. Abin da ka riga ka bayar a baya ka yi istigfari a kansa, kada kuma ka sa shi a lissafin wanda ya ɗauke ka aiki da sunan kuɗin kotu.

Allah ne mafi sani.