Me ya sa ba a ɗauke aikin fasahar da aka yi don wani fili a kai wani wuri?

Malam, ka tambaya wai me ya raba babban aikin fasahar da ake yi musamman don wani fili da mutum-mutumi, kuma me zai hana a kai shi gidan tarihi. Mutum-mutumi zagaya shi kake kana kallo, wannan kuwa shiga ake yi ko a ratsa ta gefensa, don mai aikin sai ya auna filin, ya duba inda rana ke faɗowa da hanyar da jama'a ke bi kafin ma ya fara zane, shi ya sa yake kama da gini.

Ka duba Tilted Arc, aikin wani mai fasaha Ba'amurke, Richard Serra, katangar ƙarfe ce mai lanƙwasa, tsawonta ƙafa 120, da aka kafa a wani fili gaban ofisoshin gwamnati a birnin New York na Amurka a 1981. Ma'aikatan wurin suka yi ta ƙorafi wai ta tare musu hanya, shi kuma Serra ya dage cewa ɗauke ta daidai yake da rusa ta. A 1989 aka yanyanka ta aka kwashe. Ni dai ina ganin yana da gaskiya wallahi, amma masu bin wurin kullum ya kamata a ce an ji ta bakinsu tun farko.