Gam ɗin da ya dace da tsohon alƙalamin tawada

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka tsinci alƙalami ƙirar Sheaffer Balance na marigayi kakanka a akwati, robar da ke riƙe tawada ta bushe ta farfashe, ka samo sabuwa, kana tambaya ko sufa gulu zai riƙe ta. Allah ya jiƙan tsoho. Amma don Allah ka ajiye sufa gulun nan nesa da alƙalamin.

Robar nan ba ta dawwama. Bayan wasu shekaru za ta sake mutuwa, wani ya sake buɗe alƙalamin, ko kai ko ɗanka. Saboda haka gam ɗin da ake so shi ne wanda yake riƙewa, kuma yake saki idan an neme shi da saki. Shelak ke nan, wanda masu ƙera alƙaluman suka yi aiki da shi tun asali. Wani ƙwaro ne ke fitar da shi a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, a narka shi cikin sifirit. Tsofaffin kafintoci sun san shi wajen goge katako ya yi ƙyalli. Tawada ba ta narka shi, amma da ya ji ɗumi wajen digiri 60 sai ya yi laushi.

Ka kankare ragowar tsohuwar robar daga ɗan bututun da ke bayan wuyan alƙalamin, wato wurin da yatsu ke riƙewa, har ya fita tas. Ɗebo shelak da tsinken sakace, shafa siriri a kewaye, kada ya shiga ramin da tawada ke bi. Zura robar, murza ta kaɗan ta zauna daidai, bar ta ta kwana. Da safe ka shafa mata farar hoda zalla marar turare don ta shige ba gardama. Wuyan kuwa yawanci matsewa kawai yake yi cikin gangar jiki, ba ya buƙatar gam.

Ni da sufa gulu na fara, shi ya sa nake ta nanatawa. Wuyan wani alƙalamina ya yi sako-sako, na ɗiga masa digo biyu. Kafin la'asar wani farin dabbare ya fito a kewayen wurin, kamar gishirin zufa a hula. Ranar da na zo canza roba na ɗumama, na ja, na murɗa, sai ji na yi ƙas, gangar jikin ta tsage. Araldite ma haka yake. Wurinsa ɗaya ne, karayar da ba za a sake buɗewa ba, musamman a alƙaluman baƙar roba mai tauri.

Ka kula da wuta. Balance ya fito a 1929, da selulod aka yi shi, wani irin filastik da ke lanƙwashewa da zafi kaɗan sama da na shelak, ga saurin kamawa da wuta. Ban da kyandir, ban da ashana, ban da tafasasshen ruwa. Na'urar busar da gashi ta isa, kana juya shi kana taɓawa. In yatsanka ya kasa jurewa, ka wuce gona da iri. Jan farce da ruwan goge shi kuwa narka selulod suke yi, shi kansa sifirit ɗin cikin shelak yana ɓata masa fuska in ya ɗiga.

Wani zai ce maka ga ƙaro. Ƙaro ruwa ke narka shi, shi ya sa ake sa shi a tawadar allo, kuma wannan tawadar kada ka kuskura ka zuba ta cikin alƙalamin, toshe shi za ta yi. Basilin ma yana ruɓar da roba.

Abu ɗaya ka duba mana: sabuwar robar taka ta robar asali (latex) ce ko ta silikon? Shelak ba ya kama silikon sosai, nata gam ɗin daban ne. Turo hotonta da na wuyan kafin ka shafa komai.