Giris ya ƙi shiga kayan ƙafar tsohuwar mota

Tambaya: Na sayi wata mota ƙirar shekarun 1960 da ta daɗe a ajiye. Sitiyarinta ya yi tauri, ƙafar gaba kuma tana ƙara. Na yi ƙoƙarin ɗura giris, amma a wurare da dama ya ƙi shiga, sai ya riƙa tsartuwa ta gefen bakin bindigar giris ɗin. Shin in ƙara matsawa da ƙarfi ne, ko kuwa kayan sun mutu?

Amsa: Malam, kada ka ƙara ƙarfi tukuna, kuma kada ka yi gaggawar sayen sababbin kaya. Fara gano inda toshewar take, domin wuri biyu ne: ko a cikin nipil ɗin kansa, wato ɗan bakin ƙarfen da ake ɗura giris ta cikinsa, ko a cikin gaɓar da yake kai wa giris.

Nipil ɗan ƙaramin abu ne. A bakinsa akwai ɗan ƙwallon ƙarfe da siririn sifirin ke tokarewa. Giris ya tura shi ya shige, shi kuma ya dawo ya rufe don kada ƙura ta bi. Irin wanda aka fi sani Oscar Zerk ne ya yi masa rajista a Amurka a 1929. Giris kuwa mai ne da aka haɗa da wani sabulu mai riƙe shi. Idan mota ta yi shekaru ba a taɓa ta ba, man ya tsane, sabulun ya cakuɗe da ƙura da tsatsa ya daskare kamar busasshen yumɓu. Motocin wancan zamanin da yawa an yi su ne a riƙa ɗura musu giris duk bayan kimanin kilomita 1,600, ka ga kuwa dogon zama ba zai yi musu daɗi ba.

Goge nipil ɗin tas, ka kwance shi da ƙaramar sifana. Jiƙa shi a kananzir, ka danna ƙwallon da bakin waya har ka ji yana motsi, sannan ka maƙala shi a bakin bindigar ka matsa a waje. In giris ya fito ta bayansa, ba laifinsa ba ne. In ya ƙi, yar da shi ka sa sabo. Sai dai ka je da tsohon a hannunka wajen saye, domin zarensu ba ɗaya ba ne: motocin Amurka sun fi amfani da 1/4-28, na ƙasashen Turai masu awon mita M6 ko M8, tsofaffin na Ingila kuma suna da nasu. In ka tilasta wanda bai dace ba, ka cinye zaren ramin, aiki ya ƙaru.

Idan toshewar a ciki take, nan ne ake buƙatar haƙuri. Leƙa ramin da tocila, za ka ga baƙin abu ya cika shi fal. Ƙwaƙule shi da waya ko siririn bakin diril da kake murzawa da yatsu, ban da inji. Zuba man kwance tsatsa ka bar shi ya kwana. Sannan ka yi abin da mutane da yawa ke mantawa: ɗaga gaban motar da jak, ka tokare ta da ƙafafun ƙarfe, tayoyin su bar ƙasa. Muddin nauyin motar na kan kinfin ko boljoyin, wato gaɓoɓin da tayar gaba ke juyawa a kansu, ƙarfe ya danne ƙarfe, giris ba shi da hanyar bi. Ka sa wani ya riƙa murɗa sitiyari hagu da dama har ƙarshe yayin da kake matsawa. Sau da yawa a nan zai sake, ka ji bindigar ta yi laushi a hannunka. Ci gaba har baƙin tsohon girisin ya gama fitowa sabo ya biyo bayansa. A tayarod (sandar da ke haɗa sitiyari da taya) da boljoyin masu hular roba kuwa, da zarar robar ta fara kumbura ka tsaya, kada ta fashe.

In har yanzu ya ƙi, akwai wani ɗan bututu da ake cika wa mai mara kauri, a ɗora shi kan nipil a buga da guduma, man ya huda toshewar. Ɗumama wurin ma yana narkar da tsohon giris, amma ni ba na son kai wuta kusa da roba, tiyon birki ko na fetur. Kuma kada ka taɓa toshe bakin bindigar da yatsa. Ƙarfinta ya isa ya cusa giris cikin nama, kuma wannan rauni ne na asibiti nan take.

Giris ɗin lithium mai lambar kauri NLGI 2 ya isa yawancin gaɓoɓin. Amma duba littafin motarka kafin ka taɓa akwatin sitiyari: da yawa daga cikin tsofaffin akwatunan, man giya suke sha, ko giris mai ruwa-ruwa, domin giris mai kauri haƙoran ciki ke turewa gefe su ci gaba da gogayya a bushe. Haka gaɓar ƙasa ta ƙafar gaban Triumph Herald da Spitfire, man giya EP90 ake zuba mata.

Wurin da duk wannan bai buɗe shi ba sai an kwance. Wani lokaci bushin ne ya juya a mazauninsa, raminsa ya kauce daga na nipil. Tun da motar na sama, kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In ka ji tana wasa, wataƙila bushin ko boljoyin ɗin ya cinye; in haka ne, canza shi za a yi.