Amsoshin Tambayoyinku: Makamin da aka sayo, wa zai gyara shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Tun da sojojin Faransa suka kwashe nasu-ya-nasu a Disamba 2023, na Amurka kuma suka bar sansanin Agadas a Agusta 2024, muna jin Nijar ta juya wajen Turkiyya da Rasha. In ƙasa na da kuɗinta, ba sai ta zaɓi jirgin da take so ta biya ba? Me ke kawo jan ƙafa?
Daga wani malamin makaranta, Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kuɗi kaɗai ba ya fito da makami daga masana'anta. Hafsoshin soja ne ke fara rubuta abin da suke buƙata, ma'aikatar tsaro ta ƙulla kwangila, sannan ƙasar ta sa hannu a takardar alkawari cewa ita za ta yi amfani da kayan, ba za ta miƙa wa wani ba. Bayan haka sai gwamnatin ƙasar da ke sayarwa ta ba da izini. A nan ake yawan maƙalewa, domin jirgi ɗaya kan ƙunshi kayan ƙasashe da yawa, kuma kowace tana da ta cewa.

Ɗauki Bayraktar TB2, jirgi marar matuƙi na Turkiyya, wanda ya fara isowa Yamai a 2022. Da farko kyamararsa ƴar Kanada ce. A Oktoba 2020 Kanada ta dakatar da sayar wa Turkiyya ita saboda yaƙin Nagorno-Karabak tsakanin Armeniya da Azarbaijan, dole kamfanin da ke ƙera jirgin ya nemi ta gida, ƙirar kamfanin Aselsan. Wanda ya riga ya biya kuɗinsa a lokacin, sai haƙuri.

Jirgin kansa ma kashi ɗaya ne na cinikin. Fukafukinsa mita 12 ne, yana iya wuce awa 24 a sama, yana ɗaukar nauyin kilo 150. Amma ba ya tashi sai da ɗakin sarrafawa a ƙasa, da eriya, da janareta, da titin sauka mai kyau, da mutum uku ko fiye da ke karɓar juna a gaban allo. Na farko-farkon suna magana da ɗakin sarrafawar ne ta rediyo kai tsaye, saboda haka nisansu na da iyaka. Wanda aka tayar daga Yamai ba zai yi sintiri a Difa ba, sai an kafa masa wani ɗakin a kusa. Bom ɗinsa, MAM-L, kilo 22 ne, kamfanin Roketsan ke ƙera shi. Ran da ya ƙare a rumbu, jirgin ya zama ɗan leƙen asiri kawai.

Sai ƙura. Duk makanikin da ya taɓa buɗe matatar iskar mota a Tawa lokacin hunturu ya san abin da muke nufi. Ita ce ke cin injin jirgi mai saukar ungulu tun kafin ya cika awoyinsa. Shi ya sa muke ganin kwangilar da ba ta haɗa da kayan gyara na shekaru, da horar da makanikai ƴan ƙasa ba, asara ce ko da an yi rangwame. Jiragen dakon kaya C-130 da Amurka ta ba Nijar tun daga 2021 kyauta suka zo, amma igiyar kayan gyaransu tana hannun mai kyautar.

Tambaya: An ce ƙasashen AES, wato ƙawancen Nijar, Mali da Burkina Faso, za su haɗa runduna guda. Makamansu za su dace da juna kuwa?
Daga wata ɗaliba, Yamai.

Amsa: Ƙanwarmu, kin taɓo inda yake ciwo. A Janairu 2025 ministan tsaro, Janar Salifu Modi, ya sanar da rundunar haɗin gwiwa ta soja 5,000 tsakanin Nijar, Mali da Burkina Faso. Sauƙin da aka samu shi ne dukansu uku suna riƙe da Kalashnikov mai cin harsashi 7.62×39, dukansu kuma suna da TB2. Wahalar tana wajen kayan da Turawan Yamma suka bari. Babbar bindigar da ake ɗorawa bayan mota, ta Rasha tana cin harsashi 12.7×108, ta Amurka 12.7×99. A ido kamar tagwaye ne, amma ɗaya ba ya aiki a bakin ɗaya. Mai kula da rumbu ya yi kuskuren akwati, bindiga ta yi shiru a fagen daga. Haka rediyon soja: in makullin sirrinsu ba ɗaya ba ne, ƙarshenta wayar salula ake ɗaukowa, wadda kowa zai iya saurare.

Tambaya: Me ya sa ake yawan jin cuwa-cuwa a sayen makamai?
Daga wani ɗan kasuwa, Tawa.

Amsa: Alhaji, saboda ana rufe kwangilolin da sunan sirrin tsaro, ba a yin gasar farashi a fili, kuma dillalai na shiga tsakanin gwamnati da masana'anta. Binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro, wanda ya fito a 2020, ya ambaci kusan miliyar 76 na sefa da suka salwanta ta hanya biyu: farashin da aka kumbura, da kayan da aka biya kuɗinsu ba su taɓa isowa ba.