Amsa: Rakoda mai cin zaren kaset

Malam, ka ce rakodarka na tauna zaren kaset duk da ka goge hed, wato ƙarfen da ke karanta sautin da ke jikin zaren, kana tambaya ko hed ɗin za ka canza. Kada ka taɓa shi, ba laifinsa ba ne. Buɗe murfin ka duba gefen hed, za ka ga wani siririn ƙarfe mai juyawa da 'yar tayar roba da ke matse zaren a jikinsa. Su biyun ne ke jan zaren a gudun santimita 4.76 a daƙiƙa. Idan tsatsar zaren ta taru a kan robar har ta koma ruwan ƙasa tana danƙo, sai zaren ya manne mata ya naɗe. Sa ɗan sifirit a auduga, ka danna maɓallin kunnawa ba kaset a ciki, ka goge su suna juyawa har audugar ta daina yin datti.

Sai dai da sharaɗi. Bayan ta bushe, sa kaset ɗin da ba ka jin asararsa, ka zuba ido a kan ƙafar da ke naɗe zaren. In tana tsayawa alhali ƙarfen na ci gaba da turo zare, to bel ne ya saki, ko tayar da ke juya ƙafar ta sulɓe, kuma guga ba za ta yi magani ba. Robar da ke matse zaren ma in ta ƙandare ko ta tsage, canji kawai. Kaset ɗin C-120, wato mai minti 120, kuwa ajiye shi gefe, zarensa ya cika siriri, tsohuwar rakoda ba ta barinsa lafiya.